Haƙorin Zarto a Tampere

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya shigo Tampere.
Ƙanƙara ta liƙe bakin taga.
Onerva na bene na huɗu
a tsohuwar masaƙa mai jan bulo,
gahawarta ta huce tun ɗazu, ba ta kula ba.

Manhajar haɗa sauti biyu ta buɗe.
Ɗaya saye ta yi, da tsada.
Ɗaya ita ta rubuta, layi bayan layi,
hunturu biyu tana kwana a kai.
Ta ce wa kowacce: ba ni haƙorin zarto,
amo guda, kada ki sa masa gishiri.
Ta danna maɓalli.

Suna ɗaya, murya daban.
Ta kasuwa ta fito da kauri, kamar ta ci ta ƙoshi.
Tata ta fito siririya,
can sama wani ɗan fito na bin ta
kamar sauro bayan an kashe fitila.

Veikko ya hawo, makullan gini na kaɗawa a ƙugunsa.
Shekara arba'in ya yi yana gyaran ogan coci,
mai bututu dubu,
kafin gwiwa ta ce ta gaji da tsani.
Ya tsaya a ƙofa. Wa ke fito a nan?

Osileta ce, in ji ta, uwar amon.
Kwamfuta ba ta jan layi, ɗigo take jerawa,
dubu arba'in da huɗu da ɗoriya a daƙiƙa.
Bakin zarto kuwa kaifi gare shi,
yana haifar 'ya'ya, kowane ya fi wani tsini,
suna hawa, suna hawa,
wanda ya bugi rufi ba ya mutuwa,
juyowa yake ya faɗo cikin 'yan'uwa
da muryar da ba ta gidansu ba.
Ta kasuwa tana goge haƙorin kafin ya ciji iska.
Tawa ɗanye take sakin sa.

Veikko ya cire safar hannu.
Na san bututu biyu, tsawo ɗaya,
na kuza da na katako.
Iska ɗaya nake ba su, ba su taɓa yarda da juna ba.
A leɓe abin yake.

To ga leɓen, ta ce, ta murɗa filta.
Rariya ce. Wata idonta ƙanana,
tana yanke tsinin sauti kamar da wuƙa.
Wata tana tankaɗe a hankali, tsaki na zurarewa.
Wata in ka matsa mata sai ta yi gurnani mai ɗumi,
wata ta rame, gindin amon ya zube,
wata ma ta manta aikinta
ta kama kuka da kanta, ba wanda ya taɓa ta.
Lissafi ne duka,
amma kowane mai lissafi da abin da ya yafe.

Kwana tara ta yi tana farautar sauron.
Ran na goma ya mutu.
Amon ya fito tas, miƙe kamar layin dogo.

Veikko ya saurara, kai a karkace.
Ya ce, wanka kika yi wa gawa.

Ba ta amsa ba. Haushi ya hana.
Sai da ya juya zai sauka
ta ƙara osileta ta biyu,
ta gusa ta kaɗan, kamar kaurin gashi,
ta bar ta tana ɗan yawo yadda ta ga dama.
Muryoyin biyu suka fara goga kafaɗa,
su haɗu, su rabu, su sake haɗuwa,
ɗakin ya shiga numfashi.

Taragon titi ya wuce a ƙasa, taga ta yi rawa.
Makullan Veikko sun yi shiru.

Akwai wani bututu a Pispala, ya ce,
na can ƙarshen hagu, kusa da bango mai raɓa.
Sau shida na hau, ban iya daidaita shi ba.

In gyara?

A'a. Riƙe maɓallin tukuna.